Bahaushen Garwa: A Gida Bafulatani, A Yawunde Bahaushe

Duk ɗan kasuwar da ke zirga-zirga tsakanin Garwa da kudancin Kamaru ya san cewa sunan ƙabilarsa na sauyawa a kan hanya. A Garwa ana tambayarka ko kai Bafulatani ne, ko Bahaushe, ko Babarbare. Amma da ka sauka daga jirgin ƙasa a Yawunde da babbar riga da hula, shi ke nan, ka zama "Haoussa", ko da ba ka iya cewa sannu ba. A unguwar Briqueterie ta Yawunde da New Bell ta Duwala haka ake kiranmu gaba ɗaya. Shekara talatin da 'yan kai ina sayar da atamfa da shadda a wannan hanya, kuma har yau abin na ba ni mamaki.

Asalin zancen tsoho ne. Tun da Modibbo Adama ya karɓo tuta daga hannun Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, sarauta a ƙasar Fombina ta koma hannun Fulani, a yankin da Bata da Fali suke zaune tun da can. Kakanninmu sun biyo baya da jakuna daga Kano da Katsina, suna kawo tufafi, suna neman hauren giwa da goro. Sunayen unguwannin Garwa sun adana wannan tarihi: Foulbéré ta Fulani, Haoussaré tamu, Kolléré ta Barebari. To amma a nan, saɓanin Kano da Sakkwato inda Fulani suka koma Hausa, mu ne muka koma Fulatanci. Shi ne harshen kasuwa da na fadar Lamiɗo. Zama da maɗaukin kanwa, ai shi ke kawo farin kai.

A gidana ga yadda lissafin yake. Mahaifina Hausa yake yi da kowa, Fulatanci sai dole. Ni ina yin duka biyun. 'Ya'yana suna jin Hausa amma da Fulatanci suke amsa mini, a makaranta kuma Faransanci. Jikata ta fari, in na kira ta, "na'am" ne kaɗai Hausar da ke bakinta, shi ma aro ne daga Larabci. Irin wannan narkewa ba mu kaɗai ta samu ba. A Amurka, jikokin mutanen Italiya da Jamus da suka je ci-rani yawancinsu Turanci kawai suke ji. Can ma 'yan siyasa kan tara masu jin Sifaniyanci su ba su suna ɗaya, alhali ɗan asalin Kuba da ke Florida da ɗan asalin Meziko da ke Kalifoniya ba lallai su zaɓi jam'iyya ɗaya ba.

Harshe ya sauya, wannan ba shi ne ke hana ni barci ba. Abin da ke damuna shi ne ranar da siyasa ta ɗauki sunan da aka laƙaba maka ta mai da shi laifi. Ahmadu Ahidjo, ɗan Garwa, ya mulki Kamaru daga 1960 zuwa 1982. A zamaninsa Arewa lardi ɗaya ce, Garwa hedikwatarta, kuma mutane da yawa daga ƙabilun da ake kira Kirdi sun ga cewa sai mutum ya ɗauki sunan Musulmi ya iya Fulatanci kafin ƙofa ta buɗe masa. Wannan ɗacin bai gushe ba. A 1983 Paul Biya ya raba lardin gida uku: Garwa, Marwa da Ngaundere, kowacce da gwamnanta. Sai ga yunƙurin juyin mulki na 6 ga Afrilu 1984. Ina yaro a lokacin, amma na tuna yadda manyanmu masu zuwa kudu suka daina fita da babbar riga na wani lokaci. Ba a tambayi kowa unguwarsu ba. An ɗaure Issa Tchiroma Bakary na Garwa shekaru, an ɗaure Dakolé Daïssala, Batufuri, shi ma shekaru. Bello Bouba Maïgari kuwa Najeriya ya yi gudun hijira.

Da jam'iyyu suka dawo, sai aka ga cewa "ɗan Arewa" ba mutum ɗaya ba ne. A zaɓen majalisa na 1992, cikin kujeru 180, RDPC mai mulki ta samu 88, UNDP ta Bello Bouba ta samu 68. Kujeru 6 na MDR ta Dakolé, wadda ƙarfinta ke cikin Kirdi, su suka cika wa gwamnati rinjaye. Mutanen da aka kulle a matsayin 'yan gida ɗaya suka fito suka tsaya a ɓangare biyu. A zaɓen shugaban ƙasa na Oktoba 2025 kuma, Tchiroma da Bello Bouba duk suka bar gwamnati, kowa ya tsaya takara da kansa. Bayan zaɓen aka yi zanga-zanga a Garwa, har da asarar rayuka.

A duk waɗannan ranaku, ɗan kasuwa ne farkon wanda ke rufe ƙofa. Kuɗin haya ba ya tsayawa, bashin dila ba ya jira. Masu sayen kayana mafi yawa manoman auduga ne, Tufuri da Mundan da Gidar, waɗanda ke shigowa gari idan SODECOTON ta biya su. Da Fulatanci muke ciniki, ba harshena ba ne, ba nasu ba ne. Wanda ya ce mini in ɗauke su abokan gaba saboda ƙuri'a, to tukunyar gidana yake so ya kife.

Don haka ga abin da nake gaya wa ƙannena da 'ya'yana, kuma nake gaya muku, 'yan uwa na Ngaundere da Kumasi da Librebil. Ku yi wa yara Hausa a gida, ko da sun amsa da wani harshe, domin ranar da yaro zai je sarin kaya Kantin Kwari ita ce jarinsa. Ku bar su su iya harshen gari sosai, don shi ne haƙƙin maƙwabci. Kalmar Kirdi kuwa, wasu daga cikinsu sun ɗauke ta abin alfahari, wasu suna jin ta zagi, saboda haka a kira mutum da sunan ƙabilarsa ya fi. Ƙuri'a kuma kowa ya jefa inda hankalinsa ya kwanta, kada a kawo ta bakin shago.

Babban ɗana UNDP yake so, ƙanensa na bayan Tchiroma, surukina kuma katin RDPC ne a aljihunsa. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci a kwano ɗaya suke cin tuwo, kuma na kafa doka: gardama sai an wanke hannu. Allah ya zaunar da Garwa lafiya, ya sa mu gama da duniya lafiya.