Likitan zuciya na Kano da ciwon masu jego

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, ku saurara. Sau da yawa mace takan haihu lafiya, a yi suna, a ci rago. Bayan ƴan makonni sai ƙafafunta su kumbura. In ta kwanta, numfashi ya ƙi. Da dare tari ya hana ta barci. Wasu su ce iska ce, wasu su ce sammu. A'a, galibi zuciya ce ta gaji, ta kasa tura jini. Ciwon yakan zo daga watan ƙarshe na ciki har wata 5 bayan haihuwa.

A Kano akwai likitan zuciya da ya daɗe yana bin sawun wannan ciwo. Sunansa Farfesa Kamilu Musa Ƙaraye. Ya yi suna wajen duba marasa lafiya a Asibitin Malam Aminu Kano da koyarwa a Jami'ar Bayero.

Ba shi ya fara ba. A Zariya, likitoci biyu, Davidson da Parry, sun duba mata 224, suka bayyana abin da suka gani a 1978. Sun zargi al'adun jego: shan kunun kanwa, wankan tafasasshen ruwa da kwanciya bisa gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. A Yamai kuma, a 1992, Farfesa Cénac da abokan aikinsa sun tarar jinin matan da suka kamu yana da ƙarancin wani sinadari mai suna seleniyom. Ana samun sa cikin nama, ƙwai da kifi.

Farfesa Ƙaraye ya ɗora daga nan. Ya haɗa kan likitocin asibitoci da dama na Najeriya, suka bi mata fiye da 400. Sakamakon ya fito a 2020. Sun ga ciwon ya fi kama mace ramammiya, wadda ba ta yi makaranta ba, wadda ba ta da sana'a, da wadda jininta ya hau lokacin ciki. Ashe talauci da yunwa sun fi al'ada laifi.

Wannan magana ta shafe mu nan Agadas. Gishirin Bilma da na Tigidda arzikinmu ne, dabbobinmu ma suna buƙatar sa. Amma ga mai hawan jini ko mai raunin zuciya, yawan gishiri da kanwa yana tara ruwa cikin jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 a yini, wato ƙaramin cokalin shayi guda.

To, mi ya kamata mu yi? Mai ciki ta riƙa zuwa awo, a gwada jininta. A ba mai jego nono, nama da ƙwai, a rage mata kanwa. In an ga kumburi ko haki, kada a jira ranar kasuwa. A ɗora ta bisa raƙumi ko mota zuwa asibiti mafi kusa. Wadda aka kai da wuri takan samu sauƙi. Kada kuma ta sake ɗaukar ciki sai likita ya duba zuciyarta.

Maigida, akuyar da za ka sayar don magani ba ta kai uwar ƴaƴanka ba. Wanda ya karanta, ya faɗa wa maƙwabcinsa.