Tsofaffin Motoci Daga Landan Zuwa Brighton

A ranar Lahadin farko ta watan Nuwamba, da hudowar rana, ɗaruruwan tsofaffin motoci kan tashi daga birnin Landan su nufi Brighton a bakin teku, tafiyar kusan mil 60. Ba tsere ba ne. Sharaɗin shiga shi ne a ce an ƙera motar kafin shekarar 1905.

Bikin na tunawa ne da shekarar 1896, lokacin da Ingila ta ɗaga iyakar gudun mota daga mil 4 zuwa 14 a awa.

Amma ainihin aikin a gareji yake. Yawancin kamfanonin da suka ƙera motocin nan sun daɗe da rufewa, saboda haka duk ƙarfen da ya ci, sai mai mota ya sa a ƙera masa wani da hannu. Nan ne gardama ke tashi: in an sauya inji, an sauya ƙafafu, wace mota ta rage? Shi ya sa masana ke bin lambar inji da tsofaffin takardu kafin su amince da shekarun mota. Wadda aka samu ta 1905 ce, komai kyawun gyaranta, ba ta cika sharaɗin shekarun ba.