Tramol da Maganin Damuwa: Haɗin da Ba a Ɓoye wa Likita

Mai ciwon damuwa yakan zauna gaban likita ya zayyana komai: barci ya ƙaurace masa, abinci ba ya shiga, duniyar gaba ɗaya ta fita daga ransa. Abu ɗaya yakan haɗiye, wato tramol ɗin da yake sha kowace safiya tun da ya yi hatsarin babur, ko tun da ciwon baya ya sa shi a gaba. Likita ya rubuta masa fluoxetine ko amitriptyline, ya sallame shi. Daga ranar magani biyu ne ke haɗuwa a jininsa, wanda ya rubuta na biyun kuwa bai san da na farkon ba.

Masu shan irin wannan ƙwaya ba kaɗan ba ne. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi a 2018 tare da UNODC, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ya nuna 'yan Najeriya miliyan 4.6 sun sha tramol, kodin da danginsu ba bisa umarnin likita ba cikin shekara guda. A watan Mayun 2018 gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin. Tramol kuwa, mai miligiram 50 da mai 100 kaɗai NAFDAC ta amince da su, amma ta bayan fage har mai 225 ake samu. Kuma ba kowa ne ya fara don maye ba. Akwai lebura, akwai mai sikila, akwai matar da aka yi wa tiyata. Ciwo suka gudu, sai jiki ya saba.

Abin da ya sa tramol ya fi 'yan'uwansa rikici shi ne aiki biyu yake yi. Yana danne ciwo kamar yadda kodin ke yi, sannan yana ƙara yawan wani sinadari a ƙwaƙwalwa da ake kira serotonin. Wannan sinadarin ne magungunan damuwa irin su fluoxetine da sertraline suke ƙarawa. In aka haɗa su, sinadarin na iya yin yawa, cikin 'yan sa'o'i mutum ya fara haɗa gumi, jiki na ɓari, tsoka na fizga, zuciya na bugawa da sauri, zazzaɓi ya rufe shi, magana ta rikice. A gidajenmu wanda ya ga haka sai ya ce zazzaɓin cizon sauro ne, wata ta ce a kira mai ruƙiyya. Asibiti ya kamata a nufa nan take, a tafi da kwalayen duk abin da yake sha. Tun 2016 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi kan wannan haɗi.

Akwai kuma tarko na biyu, a hanta. Sai hanta ta sarrafa tramol da kodin kafin su kashe ciwo yadda ya kamata, fluoxetine da paroxetine kuwa suna rage wa hantar wannan aiki. Mutum ya sha adadin da ya saba ya ji shiru, sai ya ce ƙwayar jabu ce, ya ƙara biyu. Ciwon bai tafi ba, amma haɗarin jijjiga irin ta farfaɗiya ya ƙaru. Iyakar tramol a rana, ko ga wanda likita ya rubuta wa, miligiram 400 ne. Biyu daga cikin masu 225 sun riga sun wuce nan.

To a yar da tramol ɗin yau-yau? Nan ma da gyara. Jikin da ya saba, in aka yanke masa lokaci guda, kafin kwana ya zagayo zai fara hamma, majina, gudawa da ciwon gaɓoɓi, ga fargaba da rashin barci. Wahalar jiki takan lafa cikin mako guda ko makamancin haka, amma ƙuncin rai yakan ja makonni. Shi kuma maganin damuwa sai ya yi mako 2 zuwa 6 kafin a fara jin amfaninsa. A wannan tsakanin ne mutane ke komawa ruwa, wasu har su fara tunanin kashe kansu. Shi ya sa likitoci ke rage ƙwayar kaɗan-kaɗan bisa tsari, su zaɓi maganin damuwar da ya fi dacewa, su kuma nemi wata hanyar magance ciwon da ya jawo shan tun farko. Shi ma maganin damuwar ba a katse shi rana ɗaya. Wanda ya daina tramol na wani lokaci kuma ya sani cewa jikinsa ya manta: adadin da yake sha a da yana iya tsayar masa da numfashi yanzu, balle in ya haɗa da diazepam ko giya.

A ganina babban cikas kunya ce, kuma mu muka ɗora ta. Muddin sunan mai wannan lalura "ɗan ƙwaya" ne a unguwa, muddin abin da iyaye suka sani shi ne duka ko gidan mari, ba zai buɗe baki ba. Alhali akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Dawanau ta Kano, Barnawa ta Kaduna, Kware ta Sakkwato da Maiduguri, inda ake duba damuwa da sabawa da ƙwaya a tare, domin kowanne na rura ɗan'uwansa.

Idan kana shan maganin damuwa kuma akwai tramol ko kodin a aljihunka, kada ka jira ranar da aka ba ka ta komawa asibiti. Je ka faɗa wa likitanka guda nawa kake sha a rana, kuma mai miligiram nawa.