Yadda Kyamara Ke Zaɓen Saurin Ƙiftawa

Kyamarar dijital takan fara auna hasken da ya ratso gilashinta, sannan ta lissafa tsawon lokacin da labulenta zai tsaya a buɗe don hoto ya fito tsaka-tsaki. A tsarin A, ko Av a Canon, mai ɗauka ke zaɓen faɗin ƙofar haske, ita ta cike saura.

Da gilashi mai milimita 50, yawanci ba ta son buɗewar ta daɗe fiye da 1/60 na daƙiƙa, saboda rawar hannu kan dusashe hoto. In haske ya yi ƙaranci kuma an bar mata zaɓen ISO, wato ƙarfin jin haskenta, shi take ɗagawa. Sai dai farar babbar riga a tsakar rana takan ruɗe ta, ta yi gaggawar rufewa, rigar ta fito toka-toka.