Ruwan Jakara da Madatsar Wasai

Duk wanda ya taɓa zuwa Kano cin kasuwa ya san Fagge, ya san Sabon Gari. Amma ba kowa ne ya lura da rafin da ya bi ta gefensu ba. Sunansa Jakara. Daga cikin Birni ya taso, kusa da kasuwar Kurmi. A dā akwai babban tafki a wurin. Wani Bajamushe matafiyi mai suna Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya zo Kano a 1851, ya ga tafkin nan, har ya sa shi cikin taswirar garin da ya zana.

Ban da Jakara, Kano gari ne mai yawan kududdufai. Kun san yadda ake samun kududdufi. Mutane su haƙa ƙasa su yi tubali, su gina gida ko ganuwa, ramin ya saura. Damina ta zo ta cika shi. To, kududdufi ba kwatami ba ne kawai. Shi ke shanye ruwan sama kada ya shiga gidaje. Yanzu an cike da yawa daga cikinsu an yi gini a kai. Ruwa kuwa ba ya manta hanyarsa, shi ya sa wasu unguwanni ke shan ambaliya.

Idan Jakara ya wuce Fagge da Sabon Gari, sai ya haɗu da rafin Getsi, su nufi arewa maso gabas. Can a Wasai, cikin ƙasar Minjibir, aka tare su da madatsa a 1976. Madatsar nan ta ƙasa ce, irin waɗanda aka fara yi a zamanin Gwamna Audu Bako, wanda ya riƙe Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975. Tiga da Bagauda ma duk na ƙasa ne.

Wani zai ce, yaya ƙasa za ta tare ruwa, alhali ruwa ke rushe katangar ƙasa? Ga yadda abin yake. Ba kowace ƙasa ake ɗiba ba. Da farko a kan haƙa dogon rami a gicciye cikin kwari, har a tarar da ƙasa mai tauri. Sa'an nan a cika shi da yumɓu, irin wanda maginan tukwane ke nema, gama ruwa ba ya ratsa shi da sauƙi. Ba a zuba shi gaba ɗaya. A shimfiɗa kamar kaurin inci 6, a yayyafa ruwa, a daddaɓe sosai kamar yadda mata ke daɓen ɗaki, kāna a ƙara wani. Haka za a yi ta yi har gini ya yi tsawo. Shi ya zama zuciyar madatsa. Daga nan a jibga ƙasa gaba da baya, ta kwanta a gangare. Ba a miƙe ta tsaye kamar bango. Ta gefen ruwa, kowace ƙafa 1 ta tsawo a kan ba ta wajen ƙafa 3 na faɗi. A jera duwatsu a fuskar don kada igiyar ruwa ta ci ta, a shuka ciyawa ta baya.

Sauran abu guda, shi ne babba. Tilas a bar wa ruwa ƙofa daga gefe, inda zai malala in tafki ya cika. Madatsar ƙasa tana jure ruwa a gabanta shekara da shekaru, amma in ya hau kanta ya zuba ta baya, cikin sa'o'i kaɗan sai ya yanke ta. A watan Agusta na 1988 aka yi ruwa mai yawa a ƙasar Kano, madatsar Bagauda ta ɓalle. An yi hasarar rayuka da gidaje da gonaki.

Don haka in garinku na da 'yar madatsa, ku riƙa zagaya ta. Kada a bar itace ya girma a kanta, gama saiwa in ta ruɓe ta bar wa ruwa hanya. Ku duba ramin gafiya da gidan gara. In kun ga ruwa na tsattsafowa ta baya, garau, ku sa ido. In ya fito da laka, ƙasar ciki yake kwasowa, ku gaya wa Mai Unguwa ran nan, kada a kwana.

Inda ruwa ya zauna, rai ya zo. Za ku ga balbela da zalɓe a bakin gaɓa, da kirinjijiya garke garke. A ciki akwai karfasa da tarwaɗa. Akwai gaiwa, wadda in ruwa ya ƙafe sai ta shige laka ta kwanta har damina ta dawo. Ƙananan kifaye na cin 'ya'yan sauro tun suna cikin ruwa, saboda haka mai zuba guba don ya kama kifi sauro ya yi wa aiki. Masunta na ci a Wasai, masu lambu ma haka. A Bagauda har masauki aka gina a bakin tafki, mutane na zuwa shan iska, kafin daga baya wurin ya zama makarantar lauyoyi.

Sai dai ruwan Wasai ya sha wahala a hanya. Kwatamin gidaje na zuba cikin Jakara, da jinin mayanka ta Fagge. Getsi kuma na kawo dattin masana'antun Bompai, har da na jima. Abin da aka zubar a Sabon Gari da safe, shi ke isa lambun wani. Kada a sha ruwan nan. Latas da kabejin da aka yi ban ruwa da shi, a wanke su sosai da ruwa mai tsabta.

Yara kuma na son iyo, musamman da bazara. Ku sani tsargiya daga ruwan kwance take. Mai ciwon ya yi fitsari cikin tafki, ƙwayayen cutar su ƙyanƙyashe, su shiga jikin ƙananan dodon koɗi, su fito su huda fatar mai wanka. Wasu na cewa fitsarin jini alamar balaga ce ga yaro. Ba haka ba ne, ciwo ne, yana kuwa lalata mafitsara in an daɗe. Akwai maganinsa a asibiti, ƙwayoyi ne da ake ba yaro gwargwadon tsawonsa ko nauyinsa. In ya koma cikin ruwan nan zai sāke kamuwa, sai a sāke kai shi.