Ɓacewar Finafinan Barkwanci Marasa Magana: Darasi ga Masu Nazarin Hausa

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce bayyana yadda aka yi asarar finafinan barkwanci marasa magana waɗanda aka ɗauko daga wasannin dandamali, da kuma abin da wannan asara take nunawa ga mai nazarin harshe.

2.0 Daga Dandamali Zuwa Majigi

Daɗin wasan barkwanci a dandamali yana cikin baki ne, wato habaici da ba'a da juya magana. Fim na farkon ƙarni na 20 kuwa ba ya ɗaukar murya. Saboda haka tilas mai shirya shi ya mai da raha cikin motsin jiki da yanayin fuska, sannan ya taƙaita zance a rubuce tsakanin hotuna. Misali shi ne Brewster's Millions, wanda ya fito a littafi a 1902, ya hau dandamali a 1906, aka mai da shi fim a 1914 da kuma 1921. Duka finafinan biyu sun ɓace, don haka babu halin kwatanta su da wasan da ya haife su.

3.0 Dalilan Ɓacewa

Faifan wancan zamani da sinadarin naitiret ake yin sa, mai saurin ruɓewa da kama wuta. Gobarar rumbun kamfanin Fox a 1937 ta cinye finafinai masu yawa. Haka kuma, da fim mai magana ya kama kasuwa bayan 1927, kamfanoni sun daina ganin amfanin ajiye tsofaffin. Rahoton Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka na 2013 ya nuna kimanin kashi 70 cikin 100 na dogayen finafinan ƙasar marasa magana sun salwanta.

4.0 Halin Nijeriya ta Arewa

A nan asarar ninki biyu ce. Majigin zamanin mulkin mallaka yakan zo da mai sharhi, wanda yake sa wa hotuna baki da Hausa, har da karin magana da zolaya. Wannan magana a iska take tafiya, ba ta shiga faifai. A gari irin Potiskum, inda Karekare da Ngizim da Bolewa suke cuɗanya da Hausa, tunanin dattawa a kan majigi hujja ce game da yadda harshen ya bazu.

Duk da haka, ba kowane ɓataccen fim ne yake tafiya ke nan ba. Shaihu Umar na Adamu Halilu (1976), fim mai magana da aka gina a kan littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, an gano faifansa a 2016, aka gyara shi, aka nuna a Balin a 2018.

5.0 Kammalawa

Ana iya dacewa da faifai a rumbu bayan shekara arba'in, amma abin da ke bakin dattijo ba ya jira haka. Ya kamata sassan harsunan Nijeriya su hanzarta naɗar bayanan waɗanda suka kalli majigi, su kuma adana su tun suna raye.