Amanar da Aka Danƙa wa Manhajar Riga-kafi

Duk wanda ya saka manhajar riga-kafi a kwamfutarsa domin ta tsare masa ita daga ƙwayoyin cuta da ɓarayin intanet, to, ko ya sani ko bai sani ba, ya miƙa mata ikon da bai miƙa wa wata manhaja ba. Gama ba ta iya aikinta sai an bar ta ta buɗe kowane fayil, ta kuma leƙa kowane shafi da aka ziyarta. Matsayinta na mai gadi ne wanda aka danƙa wa makullan gida duka, har da na ɗakin kwana, saboda haka mas'alar da ke tsakaninta da mai na'ura ta amana ce tun kafin ta zama ta fasaha.

A watan Janairu na 2020 kafofin Motherboard da PCMag suka fallasa cewa kamfanin Avast na ƙasar Cek, wanda ɗaruruwan miliyoyin mutane ke amfani da manhajarsa, galibinsu kyauta, yana tara labarin yawon da jama'a ke yi a intanet yana sayarwa ta hannun wani reshensa mai suna Jumpshot. Abin da ake sayarwar ba ƙididdiga ce a dunƙule ba: kowane shafi da mutum ya buɗe, da abin da ya nema a Google, da bidiyon da ya kalla a YouTube, da sa'ar da ya yi hakan, da garin da yake, duk an jera su ƙarƙashin wata lamba da ke bin burauzarsa. Kamfanin ya kafa hujja da cewa an cire sunaye. Amma wanda ya ga lamba guda ta nemi maganin wata cuta da asuba, ta nemi hanyar wani asibiti da hantsi, ta kuma sayi kaya a wani kanti da la'asar, ba ya bukatar dogon bincike kafin ya gane mai ita, musamman idan shi ne mai kantin. Kafin watan ya ƙare Avast ya sanar da rufe Jumpshot, sa'an nan a Fabrairun 2024 hukumar FTC mai kula da ciniki a Amurka ta ɗora masa biyan dala miliyan 16.5, tana mai cewa daga 2014 zuwa 2020 an sayar da bayanan ga masu saye fiye da 100, kuma a cikinsu akwai abin da ke tona addinin mutum da lafiyarsa da ra'ayinsa na siyasa.

Abin da ya fi ci mini rai a wannan al'amari shi ne, manhajar da ke wannan aiki ita ce ke yi wa mutane alkawarin kare su daga masu bin sawunsu a intanet. Fuƙaha'u sun daɗe da tabbatar da cewa wanda aka ba ajiya ba shi da damar tasarrufi da ita sai da izinin mai ita, kuma ciniki ba ya tsarkaka in an ɓoye abin da, da mai saye ya san shi, da ya janye hannunsa. Ba laifi ba ne kamfani ya nemi riba, tun da ma'aikata ba iska suke ci ba. Laifin yana ga lulluɓewa, domin yardar da aka karɓa daga mutum alhali bai san haƙiƙanin abin da ya yarda da shi ba, ko da ya danna maɓalli a ƙarshen sharuɗɗa masu tsawo, sunanta kawai yarda.

Lamarin Norton, wani kamfanin manhajar riga-kafi, bai kai wannan muni ba, wajibi ne a yi masa adalci. A 2021 ya ƙara wa manhajarsa ta Norton 360 wani sashe na haƙar kuɗin kirifto na Ethereum, ya sanar da shi a fili, kuma ba ya aiki sai mai na'ura ya kunna. Duk da haka a farkon 2022 mutane da yawa suka tarar da fayil mai suna NCrypt.exe zaune a kwamfutocinsu ba tare da sun nema ba, ga wahalar gogewa, ga kamfanin yana ɗaukar kashi 15 cikin 100 na abin da aka haƙa, alhali kuɗin lantarki da gajiyar na'ura suna wuyan mai ita.

A watan Satumba na 2022 aka dakatar da haƙar, lokacin da Ethereum ya sauya tsarinsa, kuma a wannan wata ne kamfanonin Norton da Avast suka kammala haɗewa, daga baya suka ɗauki sunan Gen Digital. Yanzu manhajojin riga-kafi na Norton da Avast da AVG da Avira duk mallakar kamfani guda ne, ta yadda mutumin da ransa ya ɓaci da ɗaya ya koma wa ɗaya, yana iya zaton ya sauya wanda ya amince wa alhali kuwa tambari kawai ya sauya, kuma wannan ma abu ne da ya cancanci a gaya masa ƙarara tun kafin ya saka manhajar.